Zanzibar a Kwana Biyu: Inda Tukunyar Gari Take Tafasa

Daga tashar jiragen ruwa ta Darussalam zuwa tsibirin Unguja, wanda duniya ta fi sani da Zanzibar, tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ruwa mai gudu. A jirgin sama kuwa ko rabin awa ba ta cika ba. Wannan kusancin ne ya sa duk ƙarshen mako ake ganin ma'aikata da 'yan kasuwa da mahalarta taruka, har da mutanenmu na Afirka ta Yamma da wani sha'ani ya kai su Tanzaniya, suna tsallakawa tsibirin su huta, su juyo ranar Lahadi da yamma.

Wanda ya sauka Juma'a da la'asar ya tashi Lahadi da la'asar, bai fi sau shida ko bakwai zai zauna gaban abinci ba. Idan ya ɓata biyu a ciki, ya yi asarar da ba ta gyaruwa a wannan zuwan. Kuma ɓata su ba wuya. A shekarar 2023 baƙi sama da 600,000 ne suka shiga Zanzibar daga ƙasashen waje, mafi yawansu Turawa, 'yan Italiya na sahun gaba. Kasuwa kuwa mai saye take bi. Shi ya sa a bakin teku za ka tarar da gidajen abinci jere, kowanne da taliya da pizza da soyayyen dankali. Mutum zai iya kwana biyu a nan, ya ƙoshi, ya kashe kuɗi masu yawa, ya koma gida bai san ɗanɗanon Zanzibar ba.

Abincin Zanzibar na ainihi yana da lokutansa da wurarensa. Akwai na sassafe, akwai wanda ake saukewa da azahar ya ƙare kafin la'asar, akwai wanda ba ya fitowa sai rana ta faɗi. Baƙon da ya daidaita yunwarsa da agogon gari zai ci mai daɗi, ya biya daidai, kuɗinsa kuma su shiga hannun masu gari.

Tukunyar da iska ta haɗa

Kafin a shiga layin masu abinci, yana da kyau a san abin da ya sa girkin wannan tsibiri ya bambanta da na sauran Tanzaniya. Asalin abin iska ce. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska kan kaɗo daga arewa maso gabas, ta koro jiragen ruwa masu filafilai daga Oman da Yaman da Farisa da Indiya zuwa gaɓar Afirka ta Gabas. Daga Afrilu sai ta juya, ta mayar da su gida. Tsakanin zuwa da komawa fatake kan yi watanni a Zanzibar. Suka yi aure, suka hayayyafa, suka bar girkinsu a madafan gari. Daga nan aka sami shinkafar pilau da biriyani, da sambusa, da capati, da alewar halua, da al'adar shan gahawa a ƙananan kofuna.

Turawan Fotugal, waɗanda suka riƙe gaɓar kusan ƙarni biyu kafin Larabawan Oman su kore su a 1698, su ne hanyar da rogo da masara da barkono da abarba suka iso daga nahiyar Amurka. Kwakwa da kifi kuwa tun kafin zuwansu suna nan. A wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa Zanzibar daga Maskat, ya kuma matsa a dasa kanumfari, har tsibiran Unguja da Pemba suka zama kan gaba a duniya wajen nomansa. Wannan arzikin da gumin bayi aka gina shi. Babbar kasuwar bayi ta birnin Zanzibar sai a 1873 aka rufe ta, kuma a filinta ne aka gina majami'ar Angilika da ke unguwar Mkunazini a yau. Wanda ya shaƙi ƙanshin kanumfari a cikin pilau, ya kamata ya san wannan ɓangaren na tarihinsa ma.

Daren Juma'a: Forodhani, amma da ido buɗe

Kusan kowane baƙo daga lambun Forodhani yake farawa, kuma ba laifi ba ne. Lambun yana bakin teku a tsohon birni, wato Mji Mkongwe, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Yana gaban tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina da kuma fadar Beit al-Ajaib ta 1883. Gidauniyar Aga Khan ta gyara shi, aka sake buɗe shi a 2009. Da rana wurin hutawa ne. Gab da magariba, yayin da samari ke tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku, sai masu abinci su fara jera tebura, su kunna fitilu, su hura gawayi.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne teburan kifi: tsinke-tsinke na kifi iri-iri, da kaguwa, da jatan lande, da sauran halittun teku, an tula su gwanin sha'awa. A nan ne ya kamata baƙo ya yi taka-tsantsan. Da yawa daga cikin abin da ke kan teburan an riga an dafa shi ko an gasa tun da rana, ɗumama shi kawai ake yi idan ka zaɓa. Kifi kuwa ba ya jure zaman sa'o'i a iska mai ɗumi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ba a dafa shi a gabanka daga ɗanye ba, ka bar shi. Kuma kowane abu ka tambayi kuɗinsa kafin a ɗora shi a wuta, domin ciniki bayan an gasa ba ya yi wa baƙo daɗi.

Ka duba inda matan gari da 'ya'yansu suka yi layi. Galibi wurin mai urojo ne. Tsaya ka ga yadda ake haɗa shi. Mai sayarwa zai ɗauki kwano, ya yayyanka dafaffen dankalin Turawa a ciki, ya marmasa ƙananan ƙosai da ake kira bajiya, ya sa dunƙulen soyayyen dankali mai yaji, wato kachori. Idan ka so ya ƙara dafaffen ƙwai, ya zare naman tsire biyu ko uku daga kan wuta ya zuba. Sai ya ɗebo romo mai kauri, ruwan ɗorawa saboda kurkum, mai tsamin ɗanyen mangwaro da lemun tsami, ya kwarara a kai yana tururi. A ƙarshe ya ɗiga miyar kwakwa fara, da ɗan jan barkono, ya barbaɗa soyayyen rogo da aka goge siri-siri. Cokalin farko tsami ne zai fara zuwa, sai yaji, sai garɗin kwakwa, rogon kuma yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin haƙori. Kwano guda ba ya cin kuɗi, kuma shi ne abincin yamma na mutanen birnin.

Kusa da shi akwai masu abin da ake kira pizzar Zanzibar, wadda suna kawai ya haɗa ta da ta Italiya. Ana miƙe ɗan curin ƙullu har ya yi siriri, a zuba niƙaƙƙen nama da albasa da tattasai, a fasa ƙwai a cakuɗa a kansa, a naɗe gefuna huɗu, a soya a kasko mai faɗi. Tunda a gabanka ake yin komai, ba ka da fargaba. Ka kora da ruwan rake da aka matse nan take tare da citta da lemun tsami, ka ce kada a sa ƙanƙara.

Safiyar Asabar: kasuwa ce ke faɗin gaskiya

Wanda yake son sanin abin da zai ci da rana, ya je kasuwa da safe. Kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904, tana bakin tsohon birni, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa ta cikin lunguna. Ɓangaren kifi shi ne zuciyarta. Ana shigo da kamun dare daga jiragen masunta, a shimfiɗa a kan kanta, a yi gwanjo da ƙarfin murya. Za ka ga manyan kifaye da sai mutum biyu ke ɗauka, za ka ga pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas, an jibge ta tsibi-tsibi. Abin da ka ga ya yi yawa a ranar, shi ne ya kamata ka nema a faranti da azahar, domin shi ne sabo kuma shi ne mai araha. Wanda ya iya sammako bayan asuba, yana iya zuwa unguwar Malindi kusa da tashar jiragen ruwa, ya ga lokacin da ake sauke kifin.

Karin kumallo ma a kewayen kasuwar yake. Mata na zaune da faranti da kwanduna: mandazi mai ƙanshin kwakwa, burodin riɗi da ake gasawa a kasko, burodin shinkafa mai laushi da ake kira mkate wa kumimina, da vitumbua. Bahaushen da ya ga vitumbua zai rantse waina ce, domin da ƙullun shinkafa ake yin ta, a cikin tanda mai ramuka, ana juyawa da tsinke. Bambancin shi ne madarar kwakwa da ɗan sukari da ake sa mata, kuma da shayi mai citta da kirfa ake cin ta.

Kada ka wuce masu kayan marmari. Tsibirin na da 'ya'yan itatuwan da ba mu saba gani ba: fenesi mai girman ƙwarya, shokishoki ja mai gashi-gashi, doriani mai ƙaya da ƙarfin wari, da bungo da ake matse ruwansa a sha. Kowanne da lokacinsa, don haka abin da ka tarar ya cika kasuwa shi za ka saya. Kayan ƙanshi ma a nan ya fi dacewa a saya tsaraba. Kanumfari mai kyau yana da nauyi, kansa na nan bai karye ba, kuma idan ka danna shi da farce za ka ga alamar mai.

Azahar: babbar tukunya

A Zanzibar babban cin abinci na rana ne. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su yi ta yawo har ƙarfe huɗu, sannan su fara neman abincin gari, su tarar an kankare tukwane. Tsakanin sha biyu da biyu na rana ne lokacin. Biriyani musamman abincin Juma'a ne da bukukuwa, kuma shi ke fara ƙarewa. Wanda ya sami damar isowa tun safiyar Juma'a, ya nufi gidan abinci da zarar an sauko daga masallaci.

A unguwar Mkunazini akwai gidan abincin Lukmaan, wanda ya yi suna a wurin 'yan gari da baƙi baki ɗaya. Tsarinsa, kamar na gidajen abinci da yawa a birnin, ya dace da wanda ba ya jin Swahili: an jera abinci a bayan gilashi, ka nuna abin da kake so a zuba maka. Ka nemi shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da miyar kifi, da wake da kwakwa, da ganye. Idan kana da ƙarfin hali ka gwada pweza da aka dafa a miyar kwakwa da kurkum. Wadda aka iya dafawa tana da laushi, ba ta gardama da haƙori. Bambancin pilau da biriyani kuwa a wajen dahuwa yake: pilau tare ake dafa shinkafa da nama da kayan ƙanshi har ta yi duhu, biriyani kuma daban ake dafa shinkafar, daban miyar nama mai kauri da soyayyar albasa, sai a haɗa su a faranti.

Bayan sanannun wurare akwai matan da ke girki a rumfuna da bakin kasuwa da tashar mota, waɗanda ake kira mama lishe. Su ke ciyar da leburori da direbobi da masu shaguna. Ba su da allo, ba su a intanet. Yadda ake gane ta kirki a cikinsu ba ɓoyayye ba ne. Tukunya tana kan wuta ko tana tururi. Mutane na shiga suna fita, abinci ba ya daɗewa. Akwai ruwan wanke hannu da sabulu. Nau'in abincin kaɗan ne, uku ko huɗu. Duk inda ka ga takardar abinci mai shafi goma, da na Italiya da na Sin da na Indiya, a wurin da kujeru suke wayam, to ka san firji ne ke aiki a can.

Tambaya ma tana da salo. Da ɗan gari akan ci gari, amma ba kowane ɗan gari ba. Masu tare baƙi a bakin tashar jirgi da manyan lunguna sau da yawa suna da kamasho a inda za su kai ka. Ka tambayi mai shagon da ka sayi ruwa a wurinsa, ko wanda kuka yi sahu ɗaya a masallaci. Kuma kada ka ce ina ne wuri mai kyau, domin zai nuna maka inda yake zaton baƙo na so. Ka ce shi ina ya ci abincin rana jiya.

La'asar da dare

Bayan la'asar birnin kan koma kan dakali. A jikin gidajen tsohon birni akwai dakalan dutse da ake kira baraza, inda maza ke zama hira. Mafi shahara shi ne wani ɗan fili da lunguna suka haɗu, Jaws Corner, mai zanen kifin shak a bango. A nan mai gahawa ke ɗora butarsa a kan gawayi, yana tsiyayawa a ƙananan kofuna marasa mariƙi. Gahawar baƙa ce, mai ɗaci, ba sukari. Ana sassauta ɗacinta da kashata, alewar kwakwa ko ta gyaɗa, ko da halua mai santsi da ƙanshin kayan yaji. Kuɗin kofi ɗan canji ne. Ka yi sallama, ka zauna, ka saurara. Sallamar da muke yi ita suke yi, kuma tana buɗe ƙofa.

Idan akwai zama ɗaya da ya cancanci a kashe masa kuɗi, to daren Asabar ne. Wasu tsofaffin gidajen fatake an mayar da su masauki, aka yi wurin cin abinci a saman bene. Na Emerson da ke unguwar Hurumzi ya yi fice a wannan: ana hawa kafin faɗuwar rana, a zauna ana kallon rufin gidaje da hasumiyoyin masallatai da teku, a kawo abinci kashi-kashi bisa tsarin girkin Swahili. Kujerun kaɗan ne, saboda haka sai an kama wuri tun da wuri. Irin waɗannan wurare ana sayar da giya a cikinsu, abin da ya kamata mai iyali ya sani kafin ya hau.

Lahadi: gaɓa ɗaya ta isa

Tsibirin ya fi yadda ake zato girma. Daga birni zuwa Nungwi a ƙarshen arewa kusan kilomita 60 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi. Zuwa Paje a gabas ma fiye da awa ɗaya ne. Wanda zai kama jirgin yamma ya zaɓi ɓangare ɗaya.

A Nungwi, garin masassaƙa jiragen ruwa, akwai kasuwar kifi a bakin teku inda ake gwanjon kamun masunta. A bayan layin otal-otal, cikin garin kansa, akwai masu gasa kifi da masu chipsi mayai, wato soyayyen dankali da aka haɗa da ƙwai. A gabas kuwa, a Paje da Jambiani, teku kan janye nesa sosai sau biyu tsakanin dare da rana, mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kafu tun ƙarshen shekarun 1980, wasu kuma su bi duwatsu suna farautar pweza da tsinken ƙarfe. Janyewar ruwan da cikowarsa su ke tsara ranar kowa a wannan gaɓa, har da lokacin da sabon kifi ke isowa madafa. A Michamvi akwai gidan abincin The Rock da aka gina a kan dutse cikin teku, wanda ake takawa da ƙafa idan ruwa ya janye, a shiga kwalekwale idan ya ciko. Wurin abin kallo ne, kuma farashinsa ya haɗa da kallon. Mutum ya san abin da yake saye kafin ya je.

Wanda bai son doguwar tafiya, gonakin kayan ƙanshi na Kizimbani da Kidichi suna kusa da birni. Za a zagaya da kai ka ga kanumfari a bishiyarsa, kirfa a ɓawon itace, masoro yana hawa jikin bishiya, sannan a shimfiɗa tabarma a kawo pilau da miyar kwakwa da aka dafa da abin da ka gama gani.

Halal, azumi da lafiyar ciki

Kusan dukkan mutanen Zanzibar Musulmi ne, don haka naman kasuwa da na gidajen abincin gari yankan Musulmi ne. Inda ake bukatar tambaya shi ne manyan otal-otal na bakin teku, inda ake iya samun naman alade ko girkin da aka sa wa giya. Game da halittun teku, mazhabar Malikiyya da muke bi ta halatta su, haka ma Shafi'iyya da yawancin mutanen tsibirin ke bi. Sai dai wanda bai taɓa cin kaguwa ko jatan lande ba ya fara da kaɗan, saboda akwai jikin da ba ya karɓarsu. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka ci: a watan Maris na 2024 mutum tara, takwas daga ciki yara, suka rasu a tsibirin Pemba bayan sun ci shi.

A watan Ramadan yawancin wuraren abincin gari a rufe suke da rana, kuma ba a yarda da cin abinci a bainar jama'a ba, amma bayan shan ruwa tituna kan cika da kunu da rogo da ayaba da aka dafa da kwakwa. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, wasu wuraren bakin teku kan rufe. Sannan a riƙe shilin Tanzaniya a aljihu, ƙananan takardu, domin mai urojo da mai gahawa ba sa karɓar kati.

Wa zai ci ribar zuwanka?

Yawon buɗe ido shi ne babban abin da ke shigo wa Zanzibar da kuɗin waje, amma ba duka kuɗin ke kwana a tsibirin ba. Manyan otal-otal da yawa jarin waje ne, kuma kaso mai yawa na kayan abincinsu daga babban yankin Tanzaniya ko ƙetare ake shigo da shi. Baƙon da ya biya kuɗin kwana da ci gaba ɗaya, ya shige otal bai fito ba, ɗan abin da ya isa hannun masunci da manomi da mai girki kaɗan ne. Kwanon urojo kuwa, kuɗinsa kai-tsaye yake rabuwa tsakanin mai dafawa, da mai dankali, da mai kwakwa, da mai gawayi.

Saboda haka shawarata ga duk wanda Allah ya nufa da zuwa ita ce, ya ware zama ɗaya don more kallo da hutu, sauran kuma ya ba masu gari. Ya tashi da wuri, ya ci da azahar, ya tambayi farashi cikin mutunci, kada ya matse mai tukunya a kan 'yan canjin da ba za su rage shi da komai ba. Waɗannan mata da maza su ne suka riƙe girkin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana haɗuwa, kuma girkin zai ɗore ne muddin sana'ar tana ciyar da masu yin ta.